Faranti Ɗaya, Yaji Biyu

"Yaya Sabo, ni fa na gaji!"

Bai ɗago kai ba. Yana tsugune a bakin turke yana ɗaure ragon layyar da ya jawo daga kasuwa, sai ƙulla igiya yake yana kwancewa kamar yau ya fara ganin igiya. Halinsa ke nan. In aka taɓo maganar da ba ya so, duk abin da ke hannunsa sai ya zama babban aiki.

"Kin gaji da me kuma, Barira?"

"Tambayata ma kake yi? Gwaggo Kande ta sake zuwa jiya. Mutanen Alhaji Garba na Ƙofar Kibo sun sake turowa, kan maganar ɗansa da ke aiki a Kaduna. Baba ya ce ba zai yi min dole ba, amma bayan Sallah in fito da wanda nake so, ko kuwa ya ba su amsa."

Hannunsa ya tsaya cak a kan igiyar.

"Bayan Sallah... wannan Sallar?"

"A'a, ta baɗi!" na ce masa cikin gatse.

"Yi a hankali mana, kar Malam ya ji."

"Yana masallaci. Da ma ya ji, ai da na huta. Ni mace ce, Yaya Sabo! Da wane baki zan kira sunan mutumin da bai taɓa turo kowa ya ce yana nema ba?"

Sai a lokacin ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya dube ni da idanun nan nasa masu sanyi da suke kashe min faɗa tun ban gama ba.

"Barira tawa... kin san ina son ki. Allah ya sani, ke ma kin sani. Ban taɓa ɗaga ido na kalli wata ba."

"To me ya hana ka?"

"Akushi," in ji shi.

"Akushi?"

"Ranar da na turo manyana, ranar na zama suruki. Kin taɓa ganin suruki ya sa hannu a kwano ɗaya da uban matarsa? A birnin nan? Ko ni na cire kunya, Malam ba zai cire ba. To faɗa min, wa zai ci da shi?"



Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka wasa ne, don haka bari in yi bayani.

Mahaifina, Malam Inuwa, maɗinkin manyan riguna ne a unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya. Ni kaɗai Allah ya bar masa, sauran duk sun koma tun suna goye. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Sabo kuwa maraya ne, daga wani ƙauye a gindin dutsen Kufena aka kawo shi koyon ɗinki tun bai iya zura zare ba. A zaurenmu ya girma, har ya buɗe shagonsa a bakin kasuwa, ya kama ɗaki, ya sayi keke. Ban san ranar da ya tashi daga yayana ya zama wani abu dabam a zuciyata ba. Na dai wayi gari ina gane ƙararrawar kekensa cikin ta kowa.

Shekarar da Inna ta rasu, Baba ya daina cin abinci.

Ba ciwo ba ne. An kai shi asibiti, aka ce ba a ga komai ba. An yi rubutu ya sha, Gwaggo Kande, ƙanwarsa, ta yi faɗa ta yi kuka. In kai tuwo zaure, in ɗauko shi yadda na kai, miya ta daskare a kai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hularsa ta fara sauko masa har kunne.

Wata rana da azahar Sabo ya jingine keke, ya wanke hannu, ya zauna gaban akushin ya ce, "Malam, yunwa nake ji, kuma wallahi ba zan ci komai ba sai ka sa hannu."

Baba ya dube shi, ya sake dubansa. Don kar yaro ya yi kaffara, ya yanki loma.

Tun daga ranar, rana da magariba, tare suke ci. Sau ɗaya Sabo ya tafi ƙauye jana'izar kawunsa ya ɗan kwana biyu, Baba ya koma goro da ruwa. Sa'o'insa wasu sun rasu, waɗanda suka rage kowa na da 'ya'ya maza da yake ci da su a nasa zauren. Na taɓa cewa bari in zauna mu ci tare, ya yi dariya ya ce, "Uwata, so kike a yi da mu a unguwa?"

Duk na san wannan. Abin da ban sani ba shi ne, ashe a bakin akushin nan aurena ya maƙale.

"To sai yaushe?" na tambayi Sabo, muryata ta yi ƙasa.

"Sai Allah ya kawo mafita."

"Mafitar da kake jira, ka san sunanta kuwa? Sai ya mutu ke nan?"

"Subhanallahi! Barira!"

Ni kaina na firgita da abin da ya fito daga bakina. Na toshe baki da gefen gyale. Ya tsaya kamar zai yi magana, sai muka ji gyaran muryar Baba a ƙofar zaure. Sabo ya juya ya fita, ya bar ni da rago yana kallona yana tuƙa.

Wannan a shekarar 1977 ne, saura kwana kaɗan Babbar Sallah. Ina koyarwa a firamare, an ba mu hutu, don haka ba abin da zai ɗauke min hankali daga tunani. Ina wanke-wanke ina tunani, ina tsince shinkafa ina tunani. In na ji haushin Sabo, sai in tuna ba don shi ba da tuni ni marainiya ce gaba da baya. In na ji tausayin Baba, sai in tuna shekaruna, da ƙawayena da ke goye da na biyu. Ina son su duka biyun, kuma son ɗaya ya tsaya a wuyan ɗayan.

Can sai farantin Inna ya faɗo min a rai.

Baba ba ya sa komai a baki ranar Babbar Sallah sai an sauko daga Idi, an yanka rago, ya buɗe baki da hantarsa. Sauran gidaje a ɗan kwano ake miƙa hantar, a wuce wurin. Inna kuwa aiki take ɗauka. Tana da wani faffaɗan faranti mai zanen jajayen furanni, na cikin jerenta, ba ya saukowa sai ranar. A kansa take shirya hanta da ƙoda, da dambun nama, da kilishi, da dabino, da yankakkiyar albasa, kowanne da mazauninsa. Sannan ta zagaye bakin farantin da cuku.

Mahaifinta falke ne, ya sha bin hanyar Azbin, a gidansu ta saba da cukun Buzaye. Takan ce maiƙon nama yana son abin da zai tare shi, in ba haka ba tun kafin tuwo ya iso zuciya ta tashi. Baba kuma ya riƙa tsokanarta, wai ta ba shi fatar takalmi ya tauna ranar Sallah. Yana tsokanar yana ci, har sai ya ga bayansa.

Tun da ta rasu ban sauko da farantin ba, cuku kuma bai sake shiga gidanmu ba.

Na ce a raina, wannan Sallar faranti biyu zan yi. Na Baba dabam, irin na Inna sak, har da cukun. Na Sabo dabam, a kai masa shi kaɗai. In Baba ya ga farantin matarsa, ƙila ƙamshin kaɗai ya ja hannunsa ya ci ba tare da kowa ba. In ya ci sau ɗaya, zai ci sau biyu. Shi kuma wancan mai ƙulla igiya, in ya ga an ware masa nasa, ai ya san abin da nake nufi.

Tun shekarar da aka yi fari wasu Buzaye suka yada zango wajen Ƙofar Kibo, mazansu na gadi, 'yan'uwansu na kawo musu kaya daga arewa. Can na nufa da hantsi. Aka nuna min wata tsohuwa, Nana, mai hannu shuɗi saboda rinin mayafinta. Ta kwance wani ƙullin tsumma ta fito da cuku, fale-fale, busasshe ƙamas, da sawun tabarmar da aka shanya shi a jikinsa.

Ƙamshin ya buge ni, sai ga Inna a gabana tana hura wuta. Ban san hawaye ya zubo ba.

"Na ango ne?" in ji tsohuwar, tana murmushi.

"Na tsoho ne, Iya."

"To kar ki ba shi haka, ya ƙarasa haƙoransa. Ɗora shi a garwashi, ba a harshen wuta ba. In ya fara kumbura ya yi taushi, sauke. In kika juya baya kaɗan, ya ƙone ya yi ɗaci."

"Na gode, Iya."

"Kuka kuma na mene ne? Cuku ne fa, ba albasa ba!"

Na yi dariya ina share ido.

Ranar jajibere na tashi da dambu. Na dafa naman sa da albasa da citta da kanumfari har ruwan ya tsotse, na juye a turmi na daka, na soya a man gyaɗa ina juyawa har hannuna ya sage, sai da ya tashi wara-wara kamar auduga. Na daka yajin ƙuli. Na karɓo kilishi wurin mahaucin layinmu, na ce ya zaɓo min mai laushi. Na hau kujera na sauko da farantin Inna, na wanke, na goge, na kife shi a kan gado.

Gwaggo Kande ta zo kwana don ta taya ni aikin Sallah. Tana shiga ɗaki ta gan shi.

"Ikon Allah! Yau farantin Hauwa ne ya sauko?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Wannan ƙaramin na gefe fa?"

"Na Yaya Sabo ne."

Ta juyo ta ƙare min kallo, daga ɗankwali har yatsun ƙafa. Gwaggo ba ta da boko, amma ba a yi mata kwana-kwana.

"Raba musu za ki yi?"

Na sunkuyar da kai.

"Hmm! Ashe shi ya sa ake ta ja min rai da maganar gidan Alhaji Garba. To ni ba ruwana, yaron kirki ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma ki sani, 'yar nan, ni na ga yayana lokacin da ake ɗaga shi a zaunar. In kika raba kwanon nan ya koma gidan jiya, ke za ki iya kallonsa?"

 Ta ɗaura zani ta fita tsakar gida.

Ranar Sallah gari ya cika da kabbara. Aka sauko daga Idi, Baba ya shigo cikin farar rigar da ya ɗinka da hannunsa, Sabo na biye da shi riƙe da buzun sallarsa. Baba ya yi bisimilla ya yanka, Sabo ya tuɓe riga ya hau fiɗa. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Da ya ciro hantar, Gwaggo ya miƙa wa, ba ni ba.

Na yanka hantar ƙanana, na barbaɗa gishiri, na jera a kan waya bisa garwashi. Ƙodar ma haka. Da suka yi, na kwashe, na ɗora cukun. Na tsaya a kansa ban ko ƙifta ba, ina kallo yana kumbura, yana yin ja a gefe-gefe, ƙamshin madara da hayaƙi na tashi. Na sauke da zafinsa na kakkarya.

Sannan na shiga ɗaki na zauna gaban faranti biyu.

Na Baba na fara. Hanta a tsakiya, ƙoda a gefenta. Dambu ta dama, don ya fi sauƙin tauna. Kilishi na yayyaga ƙanana na jingina su. Dabino na cire wa ƙwallo. Albasa na baza a kan naman. Na tara yaji a gefe ɗaya, na zagaye baki da cuku. Da na ja baya na duba, sai na ga kamar Inna ce ta fita ɗebo ruwa za ta dawo.

Na shirya na Sabo a ƙaramin, komai da komai, da nasa tulin yajin.

Na ɗauki na Baba, na kai bakin ƙofar ɗaki. Daga nan ana hango cikin zaure ta ƙofar ciki. Baba na zaune a kan buzu, ya tuɓe babbar riga, daga shi sai 'yar shara. Na ga ƙasusuwan wuyansa. Na ga yadda ya matsa gefe ya bar wa Sabo wuri a tabarma, yana ba shi labari yana dariya, bakinsa a bushe tun asuba yana jiran su buɗe baki tare.

Na tsaya a nan, faranti a hannu.

Wane irin mutum ne zai zaɓi ranar Sallah ya ce wa tsoho daga yau kai kaɗai za ka ci? A kan me? A kan ina son aure? Na ji kunyar kaina ta rufe ni. Na ce a raina, Barira, haƙura. In ɗan Alhaji Garba ne rabonki, shi ke nan. In zama ne, ki zauna. Baba dai ya ci abinci.

Na koma ciki da sauri, ina kuka ina kwashe na ƙaramin farantin ina mayarwa a babban. Na tura kayan Baba gefe, na zuba na Sabo a ɗaya gefen. Idona ya rufe, Gwaggo na ƙwala min kira daga madafa wai hanta za ta huce. Na goge fuska, na rufe farantin da faifai, na ɗauka.

Na yi sallama a zaure, na durƙusa na ajiye, na ajiye ruwan wanke hannu.

"Barka da Sallah, Baba."

"Barkanmu dai, Uwata. Allah ya maimaita mana."

Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga faifan. 

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya kai yatsa ya taɓa jan furen da ke baki, ya ɗauki ɓallin cuku ɗaya ya shinshina, ya mayar a hankali.

"Fatar takalmi..." ya ce, can ƙasa, kamar ba da mu yake ba.

Sabo ya wanke hannu, ya matso, ya naɗe hannun riga.

"Bisimilla, Malam."

"Dakata."

Sabo ya tsaya da hannu a sama.

"Uwata, dawo ki zauna."

Na koma na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ni maɗinki ne," in ji Baba. "In aka farke ɗinki aka mayar, ko wa ya mayar, sai na ga sawun allura. Wannan farantin sau biyu aka shirya shi."

Na dubi farantin, sai a lokacin na ga abin da na yi. Hanta kashi biyu, dambu kashi biyu, da 'yar hanya a tsakani. Ga tulin yaji a gabansa, ga wani a gaban Sabo.

"Tun da nake, ban taɓa ganin masu ci a faranti ɗaya suna dangwala yaji biyu ba. Uwarki ba ta koya miki haka ba. Wa kika ware wa nasa?"

"Baba, kuskure ne... wallahi na fasa... ka yi haƙuri..."

"Na san kin fasa. Ai fasawar ce ta fi damuna."

Ya juya wajen Sabo, wanda kansa ke ƙasa kamar an kama shi da sata.

"Kai kuma, Sabo. Ka wanke hannu?"

"Na wanke, Malam."

"To goge shi."

"Malam?"

"Na ce goge hannunka! Kana tsammani makaho ne ni? Tun bara, in yarinyar nan ta shigo da ruwa, loma ke maƙale maka a wuya, sai na buga maka baya. Da can kai ne mai suɗe akushi, yanzu kana ci kamar baƙo. Na ce bari in ga ranar da za ka yi magana. Shiru. Ashe ni kuke jira."

"Malam, ni ban isa in..." Muryar Sabo ta karye. "Kai ne ubana. In na tashi daga nan, wa zai zauna?"

"Wannan ba matsalarka ba ce."

"Matsalata ce, Malam! Na ga yadda ka koma wancan karon. Wallahi gara in..."

"Kul! Kar ka sake rantse min. Rantsuwarka ta farko ita ta ɗaure mu duka har yau."

 A waje yara na wucewa suna waƙar barka da Sallah.

Baba ya sassauta murya.

"Ka ciyar da ni, Sabo. Allah ya biya ka, ni ba zan iya ba. Amma ban haifi 'ya don ta tsufa tana gadin cikina ba. Ina jin daɗin zama da kai, shi ya sa na ga abin na kau da kai. To ya isa haka." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Tashi ka ba ni wuri. Ba na cin abinci da surukina."

Na ji kalmar ta ratsa ni tun daga kai har tafin ƙafa. Surukina!

Sabo ya kifa goshi a gwiwar Baba yana kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya dafa kansa, ya ɗan jima, sannan ya ture shi.

"Tashi mana, ka jiƙa min wando. In an gama cin naman Sallah ka turo min manyanka daga Kufena. Uwata, kwashe masa nasa a inda kika fara zubawa. Yajinsa ma ya tafi da abinsa."

Na ɗauko ƙaramin farantin, na kwashe rabin Sabo ina ganin komai biyu-biyu saboda hawaye. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ja da baya har ƙofa bai juya wa Baba baya ba. A bakin ƙofar ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajur.

"Barira tawa..." ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Tafi, Yaya Sabo," na ce. Ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Ya fita. Muka ji ƙarar kekensa har ta ɓace a kwanar layi.

"Ke ma shiga ciki," in ji Baba. "Ba a tsaya wa mutum a ka yana cin abinci."

Na shige, amma ban yi nisa ba. Na laɓe a bayan ƙyauren ƙofar ciki. Gwaggo Kande ta taho da ludayi a hannu, ta buɗe baki za ta yi tambaya, na kama hannunta na girgiza kai. Muka tsaya mu biyu muna leƙe ta tsagar ƙyaure.

Baba na zaune shi kaɗai a tabarmar da ta yi masa faɗi. Farantin Inna na gabansa, rabi cike, rabi wayam. Bai taɓa ba. Ya kalli ƙofar waje, ya kalli bango, ya ja carbi ya ajiye. Hantar ta daina tururi. Gwaggo ta matse min hannu har na ji zafi, ni kuwa addu'a nake, duk wadda ta zo bakina.

Ya Allah, kar farin cikina ya zama ajalinsa. Ya Allah...

Can ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu. Ya yi bisimilla da ƙarfi, kamar akwai mai amsa masa. Ya ɗauki hanta ɗaya, ya dangwala a yajin, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa da ƙyar, ya runtse ido, ya haɗiye.

Ya ɗauki ta biyu.

Gwaggo ta saki hannuna ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da zani.

"Uwata," in ji Baba, bai ko juyo ba. "Na san kina nan. Inuwar ƙafarki ta fito ta ƙarƙashin ƙyaure."

Na fito ina share fuska, na durƙusa daga nesa.

"Baba... yaya ka ji shi?"

Ya dubi gefen tabarmar da babu kowa, sannan ya dube ni. Idanunsa sun cika, amma yana murmushi.

"Ba zan yi miki ƙarya ranar Sallah ba, Uwata. Babu daɗi." Ya miƙa hannu ya ɗauki cuku, ya haɗa da ɗan dambu. "Amma yana wucewa. Je ki ɗora tuwo, in ya yi ki kawo min."